Motar Kawu Mai Jan Hagu

Ni Shitu, sana'ata ƙirar gwangwani ce. Rumfata tana kasuwar Rano, ina yin mazurari da rariya da fitilar a-ci-bal-bal, da su ake cin tuwo a gidana. Amma abin da ya sa aka san ni, har wasu ke cewa na yi furfura hankali bai zo ba, shi ne ƙera ƙananan motoci. Kada ka ɗauka irin ta langa-langa da ake turawa da kara nake nufi. Tawa ƙofarta tana buɗewa, sitiyarinta yana juya taya, in ka ɗaga murfin gaba ka ga inji zaune da fankarsa. Da can har direba na dalma nake zaunarwa a ciki. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a limamin unguwarmu ya ce mota ba ta da laifi, mutum-mutumin ne bai kwanta masa ba, sai na sallami direbobina duka.

Ban iya zane ba, ban kuma san lissafin boko ba. Zare nake ɗauka in auna motar gaske, kowane gefe da nasa zaren, in ƙulla shi a inda ya tsaya, sannan in ninka shi goma. Ninki ɗaya shi ne tsawon wannan gefen a jikin ƙaramar. Saboda haka in motar mutum tana da karkata, tawa ma sai ta fito da karkatar, ko mai ita ya ji haushi. In na gama ba na zubar da zaren, gwangwani nake samu in adana na kowace mota daban.

Motar da na fi ɓata wa lokaci ita ce ta Kawu Datti, wan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun rasuwar ubana. Fijo ce a-kori-kura, ya saye ta shekarar da aka canza hannun tuƙi, tun ba a fara haɗa irinta a ƙasar nan ba. Shekara ashirin da biyu yana jigila da ita tsakanin Rano da Kibiya da Rurum. Ta ɗauki gyaɗa da dawa, ta ɗauki amare da kayan ɗakinsu, ta kai masu naƙuda asibiti, ta dawo da waɗanda kwanansu ya ƙare a can. Wata damina ta faɗa rafi a kusa da Rurum, ƙarfen gindinta na hagu ya karye. Babu mai walda a kusa, wani maƙerin garin ne ya haɗa shi da faci da ƙusa bakwai. Ya kamu kam, sai dai gefen hagu ya gajarce da yatsa biyu, tun daga ranar in aka sake mata sitiyari sai ta yi hagu. Kawu ya saba da ita haka, bai taɓa yarda wani ya taɓa wurin ba.

Da idonsa ya fara mutuwa ya ajiye ta a ƙofar gida, gindin tsamiya. Shekara tara tana nan. Kaji suka mai da ita wurin ƙwai, da siyasa ta dawo kuma 'yan takara suka mai da ita allon manna fasta, wannan ya manna wancan ya zo ya rufe. A cikin waɗannan shekaru na auna ta na ƙera ƙaramarta. Rani guda na yi a kai. Babu abin da na bari, har ƙugiyar rataye buta da ke bayan ɗakin direba, da shuɗin fentinta, da koren layin da ya zagaye ta, da rubutun bayanta mai cewa Allah Ya Tsare.

Bayan zaɓen dubu biyu da uku, wata ranar Juma'a da muka dawo masallaci, Kawu ya ce in zauna. Lokacin idon ya tafi gaba ɗaya, haske kawai yake bambancewa da duhu.

"Shitu, ina so a tashi motar nan. Ba jigila zan yi ba. So nake in ji ta a kan hanyar Kibiya sau ɗaya kafin a kai ni inda za a kai ni."

Na ce masa ai ga Ramalan. Ramalan abokina ne tun muna makarantar allo, bulala ɗaya muka sha, shi ya yi mini babban aboki ranar aurena. Garejinsa yana bakin hanyar Kano, kuma in ana maganar tsohuwar Fijo duk Rano babu mai hannunsa.

Kawu ya taɓe baki. "Bakanike dai bakanike ne."

"Kawu, wannan ba kamar saura ba ne. In Ramalan ya ci amanarka, ni na ci."

Sai Kawu ya ce, "To. Ni ban san Ramalan ba. Kai na ba wa."

Da bakina na faɗi waccan magana, babu wanda ya matsa mini. Kawu ya sayar da bijiminsa, aka janye motar zuwa gareji, kajin unguwa suka shiga neman sabon masauki.

Wata uku na farko ina zuwa kusan kullum da la'asar in na tashi kasuwa. Na ga an sauke inji an wanke shi da kananzir, na ga an kankare fastocin da tsatsa har farin ƙarfe ya bayyana. In na koma sai in zauna in zayyana wa Kawu duk abin da na gani, shi kuma yana gyaɗa kai yana tambaya, an duba kaza, an sami kaza? Daga nan Ramalan ya ce aikin fenti da kujera sai Kano, a nan ƙura za ta ɓata. Ya kuma roƙe ni aron ƙaramar.

"Ka san mun kankare komai," in ji shi. "Mai fentin bai san yadda take a da ba. In ya ga taka ba sai an yi masa dogon bayani ba."

Wallahi daɗi na ji. Shekara da shekaru ana yi mini dariyar wasan yara, yau ga babban bakanike yana neman aikina ya yi koyi da shi. Na naɗe ta a tsohon rawani na miƙa masa da hannu biyu, har ina ja masa kunne a kan madubinta.

Wata huɗu motar ta yi a Kano. Ranar wata Talata Ramalan ya aiko mini cewa ta iso, aka kuma tsayar da Asabar za a kai Kawu Kibiya. Na rufe rumfa tun azahar na tafi. Da na hango ta a ƙarƙashin rumfar garejin sai da ƙwalla ta cika mini ido. Shuɗin nan mai haske, koren layin, Allah Ya Tsare da irin harafin da, ƙugiyar buta a wurinta. Ramalan ya tayar da ita, injin yana kaɗawa a hankali kamar keken ɗinki. Na rungume shi a gaban mutane. Ya ce zai leƙa tasha ya dawo, in zauna in more kallo.

Na taho da gwangwanin zaren motar, don ina da niyyar ƙera wata ƙaramar a sabon kamanninta, kuma ina so in ga ko sabon ƙarfen bamba da aka sa mata ya ƙara mata tsawo. Na fara da gefen dama, daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya. Ƙullin ya zauna daidai. Na zagaya hagu na ɗauko nasa zaren. Bai kai ba. Na ja shi, na sake kafa shi, na ce ko ya motse ne don daɗewa. Sai na ɗauko na dama na gwada a hagu, ya zauna cif. Gefe biyun tsawonsu ɗaya.

Na ce a raina wataƙila an miƙe ƙarfen a Kano, duk da Kawu ya hana. Na cire hula na kwanta na shiga ƙarƙashinta. Babu faci, babu ƙusa bakwai, babu ko hujin da ƙusa ta taɓa zama. Ƙarfen santal yake daga gaba har baya, da tsohuwar tsatsarsa da ba a taɓa ba, wanda bai taɓa karyewa ba tun da aka yi shi. Na daɗe ban fito ba, ina kallon ƙarfen kamar in na ƙura masa ido ƙusoshin za su tsiro.

Da Ramalan ya dawo ya same ni zaune a ƙasa, zare a hannu, baya duk baƙin mai. Ya kalli zaren, ya kalle ni, ya kori mutanen da ke wurin da cewa su je su yi sallah.

Na ce, "Ina motar Kawu?"

"Ga ta a gabanka."

"Ramalan, kada ka mai da ni ɗan iska. Ina motar Kawu?"

Ya jawo benci ya zauna, ya ciro goro ya ɓare, har ya miƙo mini. Sai ya faɗa mini komai, cikin natsuwa, kamar yana ba ni labarin farashin taki. Wai akwai wani mai kuɗi a Kano da ke tara tsofaffin motoci, irin waɗanda suka shigo ta jirgin ruwa tun farko. Ya daɗe yana neman a-kori-kura ta wannan shekarar. Da ya ji labari bai yarda zai zo Rano don gwangwanin kaji ba, sai da Ramalan ya kai masa ƙaramata ya gani. Ita ta sa ya zo. Ya ɗauki ta Kawu, ya kawo wannan a madadinta, wadda ta fi ta ƙuruciya da shekara goma. Sannan aka ajiye ƙaramata a gaban mai fenti da mai walda, suka yi ta kallo suna kwaikwaya har ta zama yadda na gan ta.

"Hannunka yana da kyau, Shitu," in ji shi. "Ba don taka ba da ba mu iya ba."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce masa Allah ya isa, na ce masa maci amana, na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Sannan na tambaye shi, tunda sun kwaikwayi komai, me ya hana su ganin gefen hagu ya fi gajarta a ƙaramar?

Ya yi 'yar dariya. "Mun gani mana. Na ɗauka kai ne hannunka ya karkace."

Wannan ta fi komai ƙona mini rai, kuma ina jin kunyar faɗin haka. An sayar da motar kawuna, ni kuma a wannan lokacin abin da ya fi tsaya mini a wuya shi ne mutumin da muka yi shekara arba'in tare ya ɗauka ban iya awo ba.

Na ce yanzu zan je in faɗa wa Kawu, gobe kuma mu haɗu a gaban alƙali.

"Je ka," in ji shi. "Waccan dai ta bar Kano tun watan jiya, ko ni ban san inda ta nufa ba. In ka faɗa masa me za ka dawo masa da shi? Tsoho makaho yana murna, ka je ka kashe shi da baƙin ciki. Wannan ta fi waccan lafiya, birkinta sabo, ba ta jan ko'ina. Me zai gani? Kuma in an je gaban alƙali, wa ya kawo mini motar? Da motar wa aka yi tallanta? Ka yi tunani."

Na ɗauki ƙaramata daga kan teburinsa, madubin ɗaya ya karye, na fita ban yi masa sallama ba.

Na nufi gidan Kawu da niyyar faɗa, Allah ne shaidata. Na same shi a zaure an baza masa babbar rigarsa ta shadda yana shafa ɗinkin da hannu, wai ita zai sa ranar Asabar. Da ya ji muryata fuskarsa ta washe.

"Ka gan ta?"

"Na gan ta, Kawu."

"Yaya take?"

Na dubi tsohon nan da ya yi shekara tara bai yi irin wannan fara'a ba, na ce, "Ta yi kyau ƙwarai."

Ban yi ƙarya ba, haka na riƙa gaya wa kaina. Laraba na ce sai gobe. Alhamis na ce bari a wuce Juma'a. Ranar Juma'a liman ya yi huɗuba a kan wani abu daban, amma ni duk abin da ya faɗa sai in ji da ni yake. Na ƙulla wa kaina hujja mai kyau: a bar shi ya yi tafiyarsa ta Kibiya, ya sami abin da yake so, bayan nan in san yadda zan yi da Ramalan. Na kira abin tausayi. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji in tsaya gabansa in ce wanda na tsaya wa ya ci amana, kuma da aikin hannuna aka ci.

Asabar da hantsi Ramalan ya kawo motar ƙofar gida. Unguwa ta fito, mata suna leƙe ta katanga, tsofaffi suna ta ga ta nan, ga ta nan, wallahi kamar ranar da aka sayo ta. Kawu ya fito cikin shaddarsa ina riƙe da hannunsa. Ya shafa murfin gaba, ya bi gefenta da tafin hannu har ya taɓa ƙugiyar buta, ya yi murmushi. Na ji wani sanyi a raina, na ce shi ke nan, an wuce wurin. Ya ce shi a tsakiya zai zauna, kusa da direba. Ni na zauna bakin ƙofa.

Muka fita gari muka ɗauki hanyar Kibiya. Dawa ta yi kai a gonaki, ana ta wuce mu a kan babura ana ɗaga hannu. Ramalan sai zuba yake, yana ba da labarin wahalar da ya sha kafin ya sami fitilun gaba. Kawu tun yana amsawa har ya daina. Ya ɗora hannu ɗaya a kan gwiwarsa, ya ɗan karkata kai kamar mai sauraron kira daga nesa. Da muka hau wani miƙaƙƙen wuri mai kyau sai ya yi magana.

"Ramalan."

"Na'am, Baba."

"Saki sitiyarin."

"Baba, a kan hanya muke fa."

"Na san inda muke. Babu kwana sai an wuce gadar can. Saki."

Ramalan ya ɗaga hannuwansa. Motar ta miƙe ɗoɗar a tsakiyar hanya, ba ta yi dama ba, ba ta yi hagu ba. Ban taɓa jin tafiya mai tsawo irin wannan ba, alhali ba ta fi a karanta Fatiha ba.

"Tsaya," in ji Kawu.

Ramalan ya gangara gefe ya taka birki, ya fara cewa ai a Kano an sa ta a na'ura an miƙe ta, yanzu akwai kayan aiki na zamani. Kawu bai ko juya wajensa ba.

"Tun da na zauna na ji kujerar ba ta san ni ba," in ji shi. "Na ce ko sabon soso ne. Ƙarar ƙofa ma na ce ko an sauya ƙarfe. Amma wadda maƙerin Rurum ya ɗaure, ko wa ya miƙe ta sai ta tuna. Wannan ba ta taɓa faɗawa rafi ba."

Injin yana ta kaɗawarsa lafiya lau. Sai Kawu ya juyo da fuskarsa wajena.

"Shitu."

"Na'am, Kawu."

"Ka sani?"

Da na iya cewa a'a. Ramalan ba zai tona ni ba, don tona ni tona kansa ne. Amma na gaji.

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun Talata."

Ya ƙirga da yatsunsa a kan gwiwa, a hankali, ina kallo. Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a. Ya tsaya a kan babban yatsa.

"Ranar da na tambaye ka yaya take."

"Ranar ce."

"Buɗe mini ƙofa."

Na sauka, na miƙa hannu zan kama shi. Ya janye nasa, ya lalubi bakin ƙofar ya sauko da kansa, rigar ta maƙale a wani ƙarfe ya fizge ta. Ya tsaya a bakin hanya cikin rana. Na durƙusa a gabansa a kan tsakuwa, ina ba shi labarin yadda aka yi, mai kuɗin Kano, aron ƙaramar, zaren da bai kai ba. Na ce zan kai Ramalan kotu, zan bi motar ko ina ta shiga. Na ce masa tsoro na ji kada ransa ya ɓaci.

Ya bar ni na gama. Can aka ji ƙarar babur yana tahowa daga wajen Kibiya, Kawu ya ɗaga sandarsa. Ɗan acaɓan ya tsaya, wani mutum ne da ban taɓa gani ba, yana ta kallonmu, ga sabuwar mota, ga dattijo cikin shadda, ga ƙato a durƙushe.

"Rano za ka kai ni," in ji Kawu. "Unguwar da zan faɗa maka. Ka tafi a hankali, ba na gani."

"Kawu, don girman Allah ka bari in raka ka."

"Shi wannan," ya nuna wajen motar da haɓa, inda Ramalan yake, "ban ba shi komai ba, bai ci mini komai ba. Tsakaninsa da Allah." Ya tattare rigarsa, ya laluba ya sami kujerar babur ɗin. Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ya yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi. "Da idona ya mutu ban yi kuka ba, Shitu. Na ɗauka ina da naka."

Ya hau, ya kama rigar baƙon nan da hannu biyu, suka nufi gari. Ina nan durƙushe har na daina jin ƙarar babur ɗin.